Yadda Muka Sauke Injin Corolla a Garejin Gida a Agege

Ruwan Yuli ne ya kashe min inji. Ina dawowa da yamma daga Abbatuwar Oko-Oba, inda nake harkar ƙirgi, sai na tarar ruwa ya kwanta a wani kwari da nake bi kullum. Na ga danfo, bas ɗin haya ta Legas, ta kutsa ta fita, na ce a raina abin da danfo ta yi ai Corolla ma za ta yi. Ina tsakiyar ruwan wata tirela ta taho ta ɗaya hannun, ta turo shi har kan bonet. Motar ta yi ƙara guda ɗaya, kamar an saki guduma cikin tukunyar ƙarfe, ta mutu. Ni kuma da wauta na sake murza makulli har sau biyu.

Yaran unguwa ne suka turo min ita gida. Baba mai gidanmu, wani dattijon Bayarabe da ya iya Hausa kamar a Zangon Agege aka yanke masa cibiya, yana da gareji da ya zama ɗakin tarkace tun da ya sayar da Peugeot 504 ɗinsa. Ya ce mu share mu sa ta. Muka tura ta da baya, hancinta na kallon ƙofa, kuma wannan dacen ya yi mana rana daga baya.

Washegari na ɗauko Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, ya shafe shekara talatin da wani abu yana gyaran tireloli tsakanin Ijora da Apapa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Yatsansa manuni na hagu a gaɓa ta biyu ya ƙare, bakin ya yi sumul kamar an goge shi da sabulu. Tun muna yara muke tambayarsa, ya ce kura ce ta cije shi. Sai da na girma na ji cewa giyabos ɗin tirela ne.

Ya sa aka cire fulogogi huɗun, ya sa dogon sifana a notin karanshaf ya ja. Ruwa ya tsirto daga rami biyu, injin ya juya kamar rabin zagaye, ya cije. Ya mayar baya, ya sake cijewa.

“Ɗan nan, ka murza makulli bayan ta mutu ko?”

Na ce sau ɗaya.

“Sau ɗaya,” ya maimaita, bai ko dube ni ba. “Fistin iska yake matsewa. Ruwa ba ya matsuwa, ko giwa ce ta hau kansa. To in ruwa ya ƙi, sai ƙarfe ya ba da kai. Kon-rod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe. Ka nemi wani injin.”

Kai mota garejin makanikai ya fi sauƙi, na sani. Amma kuɗin janwe kaɗai ya isa ya ci rabin kuɗin aiki, ga shi an taɓa yi min musanyen kaya a wani gareji, na kai mota da altaneta mai kyau na ɗauko ta da gajiyayye. Tun daga nan zuciyata ba ta kwanciya in motata ta kwana a waje. Kawu ya ce in dai za a yi yadda ya ce, za a iya yi a gida. Na amsa da sauri, don ban san abin da “yadda ya ce” ya ƙunsa ba.

Ranar Alhamis muka nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota da ke Mushin. Na manta cewa Alhamis da safe kasuwannin Legas na shara, ba a buɗewa sai ƙarfe goma, muka zauna wajen mai shayi kusa da tashar Toyota muna kallon ’yan kura, yawancinsu yaranmu ne na Arewa, suna jiran kaya. Motata ƙirar 2005 ce, injinta 1ZZ-FE mai lita 1.8, kuma a Ladipo irinsa tuli ne a jere a ƙasa kamar doya. Kawu ya ƙi uku kafin ya yarda da na huɗu. Yana buɗe murfin baƙin mai ya haska ciki, in ya ga dasƙararren mai kamar kwalta sai ya wuce. Ya ce irin wannan injin, musamman na shekarun farko, an san shi da shan mai, don haka fulogin da ya fito da baƙin maiƙo ba alheri ba ne. Wanda ya zaɓa sai da ya juya shi da hannu zagaye biyu cur yana saurare. Ya kuma sa mai shagon ya rubuta lambar injin a jikin rasit, saboda ranar da za a tsayar da ni a hanya a ga lambar ta saɓa da ta takarda. Kuɗin da na biya ba zan faɗa ba, har yanzu maiɗakina ba ta san gaskiyarsa ba.

Rigimar farko a kan inda za a rataya ce. Ni dai na ga garejin yana da katakon rufi, na ce a ɗaura cen-bulok a jiki, irin sarƙar nan da makanikai ke ja tana ƙara, a gama cikin awa guda. Kawu ya ɗaga sandarsa ya zunguri katakon. Gari ya zubo masa a hula. Gara ta cinye cikinsa, fenti ne kawai ya rage yana rufa masa asiri.

“Ko lafiyayye ne ban yarda ba,” ya ce. “Kafinta kwano ya lissafa da ruwan sama, bai lissafa inji ba. Inji kaɗai ya haura kilo 100, buhun siminti biyu ke nan. Mu kuwa da giyabos za mu fito da shi. Ka ƙaddara buhu huɗu, a wuri ɗaya, yana lilo.”

Na nuna masa bishiyar da ke tsakar gida. Ya ce reshe ba ya sallama kafin ya karye.

Dalilin fito da inji da giyabos tare shi ne motar otomatik ce. Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙarfe mai siffar kabewa, makanikai na ce masa konbata, noti shida ne ke riƙe shi, kuma ta wata ’yar taga ake kwance su ɗaya bayan ɗaya ana juya injin. Injin da ya cije ba ya juyawa. In aka fizge shi da ƙarfi da kabewar a jikinsa a wannan matsatsin, ana iya lalata famfon giyabos, a je neman kiɗa a samo rawa. Sai dai a fito da su a haɗe, a raba su a ƙasa cikin natsuwa.

Wani tsohon yaron Kawu, wanda yanzu yake da rumfarsa a Dopemu, shi ya kawo mana ƙaramin kiren ranar Asabar da sassafe, irin mai ninkuwa, mai dogayen ƙafafu biyu da tayoyin ƙarfe ƙanana da jak a tsakiya. An rubuta tan 2 ɓaro-ɓaro a jikinsa. Na ce to ai magana ta ƙare, wannan ko motar gaba ɗaya zai ɗaga. Kawu ya kira ni ya sa yatsansa guntu a kan hannun kiren ɗin. Ramuka huɗu ne a jere, kowanne da rubutunsa: tan 2, tan ɗaya da rabi, tan 1, rabin tan. Tan biyun nan sai hannun yana a gajarce. Duk ramin da aka ƙara zaro shi, ƙarfinsa na raguwa, a na ƙarshe kilo 500 ne kawai. Mu kuma dole mu zaro shi sosai don ƙugiya ta tsallake bamba ta kai tsakiyar injin. Ko a hakan akwai rara mai yawa, amma da inji ne na babbar mota mai dizal, da rubutun tan 2 ya yaudari mutum har asibiti. Ya duba jak ɗin ko yana yoyon mai, ya duba fil ɗin da ke riƙe ƙafafu, ya ga guda an maye gurbinsa da lanƙwasasshiyar ƙusa. Ya dubi yaron nasa.

“Oga, haka muke aiki da shi kullum.”

“Kullum ɗin nan ce ba na so.” Ya sa aka nemo noti mai kauri aka ɗaure.

Mu huɗu ne: Kawu a kan kujerar roba, makaniken, ni, da Autanmu da ke karatu a kwalejin fasaha ta Yaba, ya zo hutun mako. Kafin a taɓa sifana Kawu ya kori silifa daga garejin. Ni na sa takalmin da nake shiga Abbatuwa da shi, Auta ya ari na maigadi. Ya aika a gaya wa maiɗakina yau ba a hura gawayi a tsakar gida, yara kuma su zauna a ɗaki. Ta leƙo ta ce, “Kawu, sannunku da aiki, to abincin fa?” Ya ce a sayo burodin Agege da wake, ba wanda yunwa za ta kashe kafin Magariba.

Kwance-kwancen ya ci safiya gaba ɗaya, ba kuma wani abin burgewa a ciki. Batir aka fara cirewa, wayar nagatif kafin ta fositif, don in sifana ya taɓa jikin mota kada ya yi tartsatsi. Manyan notocin shaf da ke tsakiyar tayoyin gaba, masu lamba 30, tun motar na ƙasa aka sassauta su, domin ƙarfin da ake sa musu ya isa ya ture mota daga kan abin da aka ɗora ta. Aka ja birkin hannu, aka sa weji gaba da bayan tayoyin baya. Da aka ɗaga gaban, makaniken ya nufi wasu bulo da ke jingine a bango. Kawu ya ce ya mayar. Bulon Legas yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa, ga rami a cikinsa, ba ya tsagewa a hankali, rugujewa yake yi lokaci guda. Ƙafafun ƙarfe masu haƙora aka sa, biyu, sannan aka tura tayoyin da aka cire ƙarƙashin motar, ko da wani abu zai zame ya tarar da su. Kawu ya sa na kama motar na girgiza ta da ƙarfina kafin ya bar kowa ya shiga ƙasa.

Aka tsiyaye baƙin mai, kusan lita huɗu, ya fito kamar kunun gyaɗa saboda ruwan da ya shiga. Aka tsiyaye man giya da ruwan lagireto. Wannan ruwan mai launi Kawu ya sa aka juye a jarka aka rufe nan take, domin zaƙi gare shi kuma guba ne, kyanwa ko kaza ko yaro mai rarrafe duk zai iya lasa. Tiyon fetur kuwa, da injin na tashi da an cire fis ɗin famfo a bar shi ya shanye abin da ke layi. Namu ba ya tashi, sai aka naɗe mahaɗar da tsumma aka zare a hankali, ya ɗan feso ya tsaya. Kwamfiresar esi da famfon sitiyari ba a buɗe tiyonsu ba, an kwance su daga jikin injin ne kawai aka ɗaure a gefe da waya, gas bai fita ba, mai bai zuba ba. Aikin Auta shi ne ɗaukar hoton kowace waya kafin a zare ta, ya naɗa mata salatif ya rubuta lamba. Makaniken na yi masa dariya, wai shi a kansa yake riƙewa. Washegari sau uku yana cewa, “Auta, nuna min hoton nan.”

Salansar wannan injin ta baya take, wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, notocinta sun yi tsatsa sun kama. Nan muka ɓata kusan awa guda. Aka zagaye maƙalan bonet da alƙalami kafin a cire shi, don a mayar da shi inda yake. Lagireto ma aka fitar, ya ba mu fili.

Bayan Azahar aka zo ɗauri. Makaniken ya fito da tsohon bel ɗin kujera, wanda duk wanda ya taɓa zama a garejin Legas ya ga ana ɗaga inji da shi. Ba zan ce ba shi da ƙarfi ba, an yi shi ne don ya riƙe mutum a haɗari. Amma wannan ya sha rana ya sha mai, gefensa ya fara zare, kuma bakin ƙarfe mai kaifi yana yanka shi kamar reza idan nauyi ya hau. Kawu ya ce sarƙa. A jikin kan injin akwai ramuka masu zare da kamfani ya tanada don maƙala kunnen ɗagawa, nan ya sa a ɗaura. Ya zazzage gwangwanin notocinsa yana ɗaga su ɗai-ɗai zuwa haske, yana neman masu lamba a ka. Wanda aka buga wa 8.8 ko 10.9 ya ajiye, wanda kansa ba komai ya jefar gefe. Ya sa washa mai faɗi don kada kan notin ya sulluɓe ta idon sarƙa, ya ce a ɗaure har ƙarshe, noti mai zare biyu a ciki ba ɗauri ba ne. Ya kuma gargaɗe mu kada sarƙa ta jingina da bututun iskar da ke gaban injin, na roba ne, yana fashewa.

Sarƙar da makaniken ya ɗaura ta yi gajarta, ta miƙe kusan a kwance daga wannan kunne zuwa wancan, wai don a samu tsawo. Kawu ya sa aka kawo bokitin ruwa da igiya, ya zura ta a mariƙin, ya ba ni baki ɗaya ya ba Auta ɗaya. Muna kusa da juna bokitin ba nauyi. Ya ce mu ja da baya. Muna nisanta igiyar na cin tafin hannuna, kafin ta miƙe na saki, ruwa ya jiƙa mana wando. Auta ya ce an koya musu wannan, idan buɗewar da ke tsakanin rassan biyu ta kai digiri 120, kowane reshe yana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya, in ta wuce haka ma ya fi. Kawu ya ce shi bai san digiri ba, ya dai ga noti ya tsinke ya fasa gilashin tirela. Ashe kiren ɗin ya zo da sandarsa ta daidaita kaya, mai dogon zare da hannun murzawa kamar na injin taliya, tana can cikin motar da ta kawo shi, ba a taɓa amfani da ita ba har ta yi tsatsa. Aka ɗiga mata mai, aka rataya, sarƙoƙi suka sauko a tsaye.

Sai Kawu ya miƙe daga kujera, karo na farko tun safe.

“Ku saurara. Baki ɗaya ne zai yi magana, nawa. In na ce tsaya, ko kana tsakiyar atishawa ka tsaya. Hannu ba ya shiga ƙarƙashi, ba ya shiga tsakanin inji da jikin mota. Ga igiya, da ita za a juya shi. In kuma ya tashi faɗuwa, a bar shi ya faɗi. Kowa ya ja baya. Kun ji ko? A bar shi.”

Muka ce mun ji. Ni dai a raina na ce tsoho ya cika tsoro.

Makaniken ya riƙa buga jak a hankali har sarƙa ta miƙe, motar ta ɗan numfasa, alamar nauyi ya koma kan ƙugiya. Sannan aka kwance injin sit huɗun da ke riƙe inji a jikin mota, na gaba, na baya, na dama da na hagu wajen giyabos. Aka ɗaga kamar kaurin yatsa biyu. “Tsaya.” Kawu ya zagaya da tocila. Aka ƙara. “Tsaya.” Haka muka yi ta yi, ni gumi na zuba, ina ganin Magariba za ta riske mu a nan. A ɗagawa ta huɗu injin ya karkata baya kamar wani ya riƙe masa riga. Makaniken ya ce ƙarfe ne ya ɗan maƙale, a ƙara bugu ɗaya zai saki. Kawu ya haska can ƙasa. Wayar as ce, wadda ke haɗa giyabos da jikin mota, ta miƙe tsaf kamar tsirkiyar goge. Duk hotunan Auta da ƙwaƙwalwar makanike, ta ɓuya mana. Aka sassauta jak kaɗan har ta saki jiki, sannan aka kwance ta. Abu mai ɗaure da nauyi ba a kwance shi a miƙe, yana iya zabgar fuska.

Daga nan aka riƙa murza sandar daidaitawa, ɓangaren giyabos ya sunkuya, ɓangaren inji ya ɗago, har ya kuɓuce wa ƙarfen gefe. Ya fito sannu a hankali, baƙi, yana ɗigar mai, ya tsaya a sama daidai ƙirjina. Ban taɓa ganin girmansa ba sai ranar.

Saura a ja kiren baya kamar taku biyu, injin ya tsallake gaban mota, a sauke shi ƙasa-ƙasa kafin a ci gaba da tafiya. Wannan taku biyun su ne mafi haɗari a duk aikin, domin kaya na can sama, ba kuma yadda za a yi a sauke shi sai ya wuce bamba. Ni ne mai ja, ta bayan kiren, hannuna a kan ginshiƙinsa. Daga bakin garejin zuwa waje intalok ne mai gwatso-gwatso da murfin lambatu, mun shimfiɗa falankai tun safe. Kawu ya kuma ce in share daɓen. Na share, da safe. Bayan awa shida ana kwance-kwance ban sake ba.

Na ja, ya taho, na ƙara ƙarfi don na ga yana tafiya, sai kiren ya tsaya cak. Injin bai tsaya ba. Ya taho wajena, ya koma, ƙafar kiren ɗaya ta ɗan ɗaga ta buga ƙasa. A komawarsa ya nufi fitilar dama, kuma a daidai nan Auta yake tsaye da igiya. Na ga ya saki igiyar ya miƙa tafin hannunsa tsakanin injin da fitila, kamar mai tare yaro kada ya faɗi.

Ban san Kawu na da sauran wannan zafin naman ba. Sandarsa ta sauka a damtsen Auta, hannun ya janye, injin ya daki fitilar. Ƙarar ba ta da yawa ma, ƙwas kawai, gilashin ya zube a daɓe. Ya yi lilo sau biyu, uku, ya tsaya.

Ba wanda ya yi magana. Auta na riƙe da damtse, idonsa ya kawo ruwa, ban sani ba zafin sanda ne ko tsoro. Ni ƙafafuna rawa suke yi. Kawu ya sunkuya da ƙyar, ya laluba gaban tayar kiren, ya ɗago wani ɗan noti mai lamba 10, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Tayar ƙarfe ƙarama ce, ba ta hawa komai, ko tsakuwa ta isa ta tsayar da ita. Ya sa min shi a tafin hannu ya rufe da yatsuna. Sannan ya juya wajen Auta ya ɗaga hannunsa na hagu.

“Auta, fitila akwai ta a Ladipo. Inji akwai shi a Ladipo. Na zagaye kasuwar nan shekara talatin, ban ga shagon da ake sayar da wannan ba.”

Daga baya Auta ya ce min wallahi ya ji gargaɗin, ya kuma yarda da shi, amma hannun ne ya tafi da kansa. Na gaskata shi. Da ni ne a wurin, abin da zan yi ke nan, tun da kuɗin fitila ne zai fara zo min a rai.

Aka share daɓen, sau biyu. Aka ja a hankali, makaniken na kallon tayoyi, har injin ya wuce bamba. Kawu da kansa ya kama makunnin sakin jak, bai yarda da hannun kowa ba, domin murzawa kaɗan ce tsakanin saukowa da faɗowa. Ya sauke shi har ya rage kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da ƙafafun kiren. A nan ƙasa ko ya yi lilo ba shi da ƙarfin kifar da komai. Muka bi kan falankai da shi, muka tsallake lambatu, muka juya zuwa gindin bango inda aka ajiye tsohuwar taya da gutsattsarin katako. Ana cikin haka aka kira La’asar. Na ce mu bar shi a rataye mu je mu dawo, ai saura kaɗan. Kawu ya ce jak mai aiki da mai yana sauka da kansa ko ba a taɓa shi ba, gidan kuma akwai yara. Sai da injin ya zauna a kan taya, aka tokare shi da katako ta ɓangare uku don kada kaskon mai ya lotsa ko ya mirgina, aka ga sarƙa ta saki, sannan muka yi alwala.

Ranar Lahadi aikin bai ba da labari mai yawa ba. Aka cire kaskon mai na tsohon injin, aka kwance kon-rod ɗin da ya cije, karanshaf ya juya, notoci shidan suka fito. Kon-rod ɗin na ajiye shi a shago, ya karkace kamar ludayin da aka taka. Kafin a haɗa giyabos da sabon injin, Kawu ya sa aka juya konbata ana tura ta har ta faɗa mazauninta sosai, ya auna da ɗan kara, ya ce in ba ta zauna ba aka ɗaure noti, famfo ya tafi. Ya kuma sa aka wanke akwatin iska da bututunsa aka shanya, don har lokacin akwai ruwan kwarin nan kwance a ciki, yana jiran sabon inji. Mayarwa ta fi fitarwa sauri, ko don mun riga mun ji tsoro ne. Auta na riƙe da igiya daga nesa, ni kuma kafin kowane motsi sai na duƙa na leƙa tayoyi. Da aka murza makulli bayan Isha’i ta ɗan yi tari, ta kama. Baba mai gida ya fito da zani a kafaɗa yana tafi.

Tsohon injin ya yi kwana uku a gindin bango kafin ’yan gwangwan su ji labarinsa. Jikinsa alminiyam ne, ya fi baƙin ƙarfe daraja a sikeli, don haka ciniki ya yi zafi. Da muka daidaita na ce su jira in aika Dopemu a kawo kiren. Babbansu, wani Bakatsine, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Haba Alhaji, wannan ɗan abin?”

Suka zura bututun ƙarfe ta cikin wata tsohuwar igiyar rijiya, mutum huɗu, kowa da silifa, ɗaya ma ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Suka yi kirari, suka cira, suka nufi kurarsu da ke bakin ƙofa, injin na lilo a tsakanin gwiwoyinsu. Kawu na zaune a kujerarsa da kofin shayi. Ya juya ta ta fuskanci bango, ya ce in gaya masa in sun fita.